Rubutun Dangana

Shekarar da na yaye ɗana na biyu, ba ni na zaɓi lokacin ba, ciki ne ya shigo ban shirya ba. Yaron bai daɗe da fara tafiya ba, yana tangaɗi daga bakin ɗaki zuwa gindin randa, sai na lura warin man babur da ke jikin rigar babansu ya fara tayar mini da zuciya. Na san alamar. Na je likita, ungozoma ta duba ni, ta leƙa yaron da ke goye a bayana, ta yi ƴar dariya ta ce ba laifi in ci gaba da ba shi nono na ɗan lokaci in dai ina cin abinci. Ita ta faɗi nata. Amma gidan hayar da muke ciki a Birnin Konni, kowane ɗaki da matar da ta san komai game da goyo, kuma bakinsu ɗaya: nonon mai ciki yana lalata yaro. Ban yarda da su duka ba. Jikina ne ya kayar da ni. Ga amai, ga ɗinkin mutane ya taru kan keke, ga babbar ɗiyata mai shekara biyar da ba ta gajiya da tambaya, ga wannan sarkin tsotso da ba ya sakin mutum sai ya ji ƙashi. Wata rana ina tsaye bakin murhu jiri ya kwashe ni, na zauna daɓas kusa da tukunyar miya. Ranar babansu ya ce ya isa haka, a yaye shi.

Faɗa da baki ba wuya. A wurinmu uwa ba ta yaye ɗanta yana kallonta. Kai shi ake yi wurin kaka ko wata tsohuwa ta jiki, ya yi kukansa can inda ba ya ganin ƙirjin uwarsa, a yi ta lallashinsa da fura da ƙwai da ɗan nama har ya haƙura. Ɗiyata ta fari, gwaggona ce ta yaye mini ita, gwaggo kuwa ta rasu a daminar da ta wuce. Uwar mijina ta riga ta tun kafin aurenmu. Saura mutum ɗaya, Inna, wadda ta haife ni, tana can Badaguishiri.

Ni ce ƴar farin Inna, amma ban tashi a hannunta ba. Da na isa yaye aka kai ni wurin gwaggo, yayar babana, wadda ke aikin wanki a wani asibitin mishan wajen Malbaza. Allah bai ba ta haihuwa ba, sai babana ya ce a bar mata ni. An kai ni yaye ke nan, ba a dawo da ni ba. Gwaggo Kirista ce, ita kaɗai a dangi. A majami'a na koyi karatu da waƙa, na yi baftisma da girmana da hankalina, ba wanda ya tura ni, na kuma auri Kirista mai gyaran babura. Inna Musulma ce, tasbaharta ba ta nisa da hannunta. Ba ta taɓa zagina a kan addini ba, ba ta kuma taɓa yi mini maganarsa ba ko sau ɗaya. Ranar aurena ba ta zo majami'a ba, ta aiko da tukwane da turmi da taɓarya. Duk lokacin cirar albasa kuma sai buhu ya iso mini ta hannun direba, ba saƙo ba gaisuwa.

Sannan ga kunyar ɗan fari. Inna ba ta kiran sunana, ba ta kallon fuskata, ba ta yi mini magana kai tsaye. In na je gaisuwa, sai ta dubi wani yaro ta ce a ce wa waccan ta ci abinci. In ba yaro kusa, kaza ma ta isa a ba ta saƙon. Na san al'ada ce, kowace uwa ta zamaninta haka take da na fari. Amma sauran ƴan fari sun kwana a bayan uwayensu, sun san abin da ke ƙarƙashin kunyar. Ni ban san inda kunya ta tsaya, inda fushi ya fara ba, kuma abin ya daɗe yana cina.

Da na ce Badaguishiri, babansu ya ci gaba da goge hannu da tsumma. Mutum ne mai sanyi, ba ya son ja-in-ja, amma ya ce yana da sharaɗi ɗaya. A garinmu in za a yaye yaro, malam ake sa ya rubuta ayoyi a allo, a wanke, a ba yaron ya sha don zuciyarsa ta kwanta ya manta da nono. Shi ake ce wa rubutun dangana. Wani lokaci a haɗa da ƴar laya a wuya ko a ƙugu. Babansu ya ce Inna ta ba shi duk abin da ta ga dama, amma ban da rubutu, ban da laya. Ni ma haka nake so a raina. Mun tsaya gaban jama'a mun miƙa yaron nan ga Ubangiji Yesu, ban yi alkawarin don wasa ba. Abin da ya ƙona mini rai shi ne ni zan faɗa. Na ce masa tunda ya iya kafa doka, ya shiga mota ya je ya karanta wa Inna da bakinsa. Ya yi dariya, don mu duka mun san shi a gaban Inna: tun daga zaure yake cire takalmi, ya durƙusa can nesa, gaisuwar ma da ƙyar take fita.

Akwai tsoro na biyu da ban gaya masa ba. Kakanni da yawa in aka kai musu yaye, riƙe yaron suke yi, ya zama nasu, ba mai cewa uffan. In Inna ta ce a bar mata shi, da wane baki zan hana, ita da aka karɓe mata nata ba a tambaye ta ba? Abin da nake so ɗaya ne, ɗana ya dawo mini yadda na kai shi.

Muna da wata ɗabi'a a gidanmu. In an ci tuwon yamma an wanke hannu, sai in shimfiɗa tabarma bakin ɗaki, yara su kwanta, in ɗora tafin hannuna a kan kowane, in yi musu wata ƴar waƙa da na ƙaga da kaina tun babbar tana jaririya. Ba wata waƙar kirki ba ce. Yesu ga mu mun kwanta, riƙe mu har gari ya waye. Daga nan sai a jera waɗanda za a riƙe: Baba, Mama, sannan duk wanda ya zo bakin ɗiyata, kazarmu, magen maƙwabta, mai waina na bakin lakwal, wato makarantar boko, har babur ɗin da ya ƙi tashi a garejin babansu. Yaron bai iya magana sosai ba, amma yana jiran ƙarshe ya ce ami da ƙarfi. Da ya faɗa sai ya juyo ya kama nono, barci ya ɗauke shi. Waƙa, hannu, nono, haka ya san duniya. Yanzu zan cire masa na ƙarshe, in kai shi gidan da na san ba za a rera na farko ba.

Muka shiga motar Tawa da safe, lokacin sanyi ne, lakwal tana hutu, don haka na tafi da ɗiyata ta zauna da shi, ya riƙa ganin fuskar da ya sani. A Tsarnawa motar ta tsaya ɗaukar kaya, ɗiyata ta yi ta ƙirga buhunan albasa tana ɓatawa tana sakewa, ni kuwa ina ta jera maganar da zan yi wa Inna. Na gyara ta, na sa mata ladabi, na cire, na ƙara. Da muka gangara kwarin Badaguishiri na hango lambuna kore shar, mutane na jan ruwa, sai duk abin da na jera ya watse.

Mun tarar da Inna a tsakar gida tana yanka tumatir a faifai don shanya, matar ƙanina tana taya ta. Ta ajiye wuƙa ta karɓi yaron, ta ɗaga shi sama tana ce masa maigida, sai yau ka tuna da matarka, ina cefane? Ta jawo ɗiyata ta zaunar a cinya. Ni na durƙusa na gaishe ta, ta amsa tana kallon faifai. Ban ce komai ba tukuna, amma ta riga ta ga cikin da ke jikina, ido ɗaya ta yi mini daga gefe. Ta ce wa yaron ashe an yi masa wayo, an kore shi daga gadonsa tun bai ƙoshi ba. Sannan ta juya ga matar ƙanina ta ce gobe da sassafe ta shiga gidan malam ta karɓo rubutu.

Nan ne dole na buɗe baki, maganar kuwa ta fito a karkace.

Na ce, “Inna, babansu ya ce… mu duka mun ce, don Allah ban da rubutu. Da laya.”

Matar ƙanina ta sunkuyar da kai kamar tumatir ɗin ne ya kira ta. Inna ta ture faifan gefe. Can ta dubi yaron ta ce, “Tambayi uwakka, da mi za ni yaye ka? Ɗiyan garin ga nawa na yaye, ban taɓa yi hannu banza ba.”

Ni kuma zuciya gare ni, kowa ya sani. Na ce in ba ya yiwuwa ba komai, sai mu koma, na miƙe na warware zanen goyo ina kakkaɓewa. Na miƙa hannu zan ɗauke shi, Inna ta maida shi ɗaya cinyar.

Ta ce masa, “Kai ina za ka? Baƙuwa ta tahi abinta. Kai nan gidanka na.”

Shi ke nan amsar da na samu. Ba ta ce to ba, ba ta ce a'a ba. Nan gidanka ne da ta ce masa kuwa, ta tsaya mini a ƙirji kamar ƙayar kifi.

Na kewaya bayan ɗaki da shi na ba shi nono na ƙarshe. Ya sha yana wasa da ɗankunnena, yana ɗago ido yana murmushi da abin a bakinsa, bai san komai ba. Na ji kamar ni ce babbar maƙaryaciyar duniya. Da ya ƙoshi Inna ta goya shi ta ce za su je su gaida awaki, ta fita ba ta waiwayo ba. Matar ƙanina ta yi mini alama da ido. Na ja ɗiyata gefe na ce ta kula da ƙaninta, kada ta yi wa Inna rashin kunya, na ɗauki jakata na sulale. A mota bayana ya yi ta jin sanyi inda ya saba kwanciya, na yi kuka na rufe fuska da mayafi har muka wuce Tsarnawa.

Kwanakin da suka biyo baya ba na son maimaita su. Nono ya cika ya yi tauri kamar dutse, ko riga ta taɓa sai na cije baki. Na ɗaure ƙirji da zane tamau, ina gasawa da ruwan ɗumi. Ɗakin ya yi faɗi, ba mai jan zaren keke, ba mai tambayata dalilin da ya sa farin wata ke bin mutum. Na haɗa wa wata mata hannun riga a juye, na warware, na sake haɗa shi a juye. Da yamma na shimfiɗa tabarma kamar kullum, sai da na gama na tuna ba mai kwanciya. Babansu ya dube ni, ya zo ya miƙe a kai da dogayen ƙafafunsa sun wuce tabarmar, ya ce to a yi masa shi, ai shi ma ɗan wani ne. Na ɗora hannu a kansa mai warin fetur na fara, muka fashe da dariya, dariyar tawa ta koma kuka. Ya ƙarasa waƙar da muryarsa da ba ta da daɗi, ya jera sunayen yaran, ya sa Inna a ciki.

Maƙwabciyata ta ɗakin kusa Musulma ce, aminiyata, wadda ke ara mini gawayi ni kuma in rage mata kuɗin ɗinki. Ta ga na rame ta zo lallashi. Ta ce in kwantar da hankalina, wace tsohuwa ce za ta yaye yaro ba rubutu, ai tun ranar farko ya sha, kuma me zai yi masa, sunan Allah ne. Da zuciya ɗaya ta faɗa. Ni kuwa na hau ta da faɗa, na ce ba wanda ya tambaye ta. Da la'asar na kai mata miyar kuɓewa, ta karɓa ta ce masu ciki ba a biye musu.

Na kira wayar matar ƙanina. Ta ce da rana yaron lafiya lau, yana bin awaki, amma da rana ta sunkuya sai ya fara. Ya ƙi fura, ya ƙi kunu, ya ture ƙwai. Inna ke goya shi ta yi ta zagaye da shi har bakin lambu ta dawo, ƙafafunta sun kumbura. Ina cikin sauraro na jiyo shi daga nesa, muryar ta dishe, yana kiran Mama. Nono ya zubo ya jiƙa zanen da na ɗaura. Sai na ji Inna tana cewa a kashe abin nan kada ya ji muryar baƙuwa aikin ya lalace. Na so in tambayi zancen rubutu, aka kashe wayar. Ranar Lahadi a majami'a mata na waƙa suna kaɗa tulu, ni bakina bai buɗe ba. Addu'ar da na iya ita ce, ya Ubangiji ka dawo mini da shi, ita na yi ta maimaitawa har aka tashi.

Daga nan ban sake kira ba, su ma ba su kira ba. Ƙirjina ya saki a hankali, aman ya ragu. Sai wata safiya matar ƙanina ta bugo ta ce Inna ta ce a zo. Na tambaye ta, a zo a ɗauke shi ta ce? Ta ce ita dai a zo ta ji. Na kwana ina juya wannan magana.

Na isa bayan azahar. Ɗiyata ta rugo ta rungume ƙafafuna, ta yi baƙi, an yi mata kitso irin na garin, bakinta cike da labari. Shi kuwa yana zaune tsakanin ƙafafun Inna da sabuwar hula a kansa, kumatu duk gwaiduwar ƙwai. Ya dube ni, ya daɗe yana dubana, sai ya juya ya cusa fuska cikin zanen Inna. Wallahi da ya yi kuka da ya fi mini sauƙi. Na durƙusa na yi gaisuwa, Inna ta amsa wa bango. Sai da aka kawo mini ruwa na sha, na zauna kamar ban damu ba, sannan ya taho a hankali yana riƙe da gutsuren dankali. Ya hau cinyata, ya sa hannu cikin wuyan rigata kamar yadda ya saba, ya ɗan tsaya, ya zare hannun da kansa ya ci gaba da cin dankalinsa. An yaye shi.

Na ce bari in wanke masa jiki, na ɗauke shi muka kewaya, ɗiyata na biye. Ba wanka ne ya dame ni ba. Na tuɓe masa riga na duba wuya, na shafa ƙugu, na duba damtse da idon sawu, har cikin hular na leƙa. Ba komai. Ina cikin haka muryar Inna ta taso daga tsakar gida, ba da ƙarfi ba.

“Ku ce mata ta duba cikin kunne ma.”

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa kaina. Amma rubutu ba ya barin alama a jiki, na sani, Inna ma ta san na sani. Na fara zuba masa ruwa, ɗiyata ta tsuguna kusa tana ba ni labarin duk abin da aka yi ba na nan: akuya ta haihu, ita kanta ta faɗa cikin kwalbatin lambu, an ba ta rake. A tsakiyar wannan ta ce matar malam ta kawo baƙin ruwa a kwalba, don ta ji kukan ya yi yawa, ba wanda ya aike ta. Inna ta karɓa ta yi godiya ta ɗora shi saman rumfa. Kullum in ƙaninta ya fara kuka, sai Inna ta riƙa kallon kwalbar.

Na riƙe yaron da hannu ɗaya na ce, “Ta ba shi?”

Ta ce, “A'a. Inna ta shanye.”

Na ce ta daina shirme. Ta rantse mini irin rantsuwar da ta koyo a garin, ta ce da idonta ta gani, Inna ta yi bisimilla ta ɗaga kwalbar har ƙasa, ta ɓata fuska. Na naɗe yaron a zane muka fito. Ban tambayi kowa ba, amma bangon bayan gidanmu na kara ne, Inna ta ji komai. Tana zaune tana tsince wake a faifai, ba ta ɗago ba.

Ta ce wa waken, “Sunan Allah na, ba a zubda shi ƙasa. Mai shi an ce kada shi sha. To na shanye abina.”

Na tsaya da yaro a hannu yana ɗiga ruwa. Matar ƙanina ta tashi ta shige ɗaki. Inna ta watsa wa kaji tsakuwar da ta tsince, ta sake jawo wani waken, sannan ta ci gaba, muryarta daidai kamar mai lissafin cefane.

“Na taɓa ba wata da hannuna, ranar da za a tahi da ita. Ta sha, ta dangana, ta mance ni sarai. Ni ba wanda ya ba ni. Ban so wanga shi mance uwatai.”

Ban taɓa sanin wannan ba. Duk shekarun nan ina auna fushinta, ban taɓa tunanin yarinyar da aka bari da ƙirji ɗaure ba, a wannan tsakar gidan, tana jiran a ce mata ta zo ta ɗauki ɗiyarta, ba a ce ba. Ni da na yi ƴan kwanaki na kusa haukacewa. Na so in faɗi ƙasa in riƙe ƙafafunta, amma ba a yi wa Inna haka, za ta tashi ne ta bar wurin. Na zauna bakin turmi na sa wa yaron riga, hawaye na zuba a kan hularsa. Inna ta ce masa gobe ya tattara ya bi baƙuwarsa, ya cinye mata ƙwan gida kaf, ita ba ta iya riƙon miji mai ci haka.

Saura abu ɗaya da ban gane ba, da me ta lallashe shi? Ban tambaya ba, yamma ce ta nuna mini. Da aka kira magariba Inna ta yi alwala ta yi sallarta, yaran suka zauna shiru suna jira, abin da ba su taɓa yi mini ba. Ta shafa addu'a, muka ci tuwon dawa da miyar kuka. Ana wanke hannu sai ɗiyata ta jawo tabarma ta shimfiɗa bakin ɗakin Inna, kamar a gidanmu. Yaron ya je ya kwanta, ya kamo hannun Inna da hannayensa biyu ya ɗora a kansa, ya dubi yayarsa. Ita kuma ta gyara zama ta fara, Yesu ga mu mun kwanta.

Matar ƙanina ta raɗa mini cewa haka suke yi kullum. Ranar da kukan ya fi tsanani yarinyar ta gwada yi masa waƙar da ɗan hannunta, ya ture, babban hannu yake so. Ya rarrafa ya jawo na Inna. Inna ta ce ita ba ta san waƙarsu ba, ba kuma za ta koya ba, amma hannu nata ne, tana iya ba da aro. Tun ranar ya fara barci.

Na zauna gefen tabarmar ina kallo. Inna ba ta rera ko kalma ɗaya ba. Idonta na ƙasa, leɓɓanta na motsi da tata addu'ar, babban yatsanta na shafa goshin yaron. Ɗiyata ta jera mutanenta, sun ƙaru: Baba, Mama, Inna, akuya da ɗanta, rijiyar lambu, matar malam. Ta kai ƙarshe, muka jira ami, bai ce ba. Ya tashi zaune yana dubana, kamar ya ga abin da aka manta. Ya kama hannun Inna ya ja shi wajena, yana nishi, yana cewa Mama, Mama.

Inna ta so ta janye. Ya buɗe baki zai tsala ihu. Ta ce wannan miji nata da mulki yake, ta bar shi ya ja. Na sunkuyar da kai don hannun ya kai.

Yana da nauyi, yana da kaushi, yana warin albasa da hayaƙi. Da fari a sake yake, kamar kayan da aka ajiye a inda ba wurinsa ba. Sannan na ji yatsun sun ɗan matsa, kallabina ya zame baya, tafin ya zauna a kan gashina sosai. Tun da na yi wayo ban san hannun uwata a kaina ba sai ranar, ina da ƴaƴa biyu da cikin na uku. Na rufe ido, ban yi motsi ba, ina tsoron ko numfashi na yi za ta ɗauke. Yaron ya koma ya kwanta da kansa a cinyata, ya gamsu, ya ce ami.

An gama ke nan, ba sauran dalili. Na jira ta janye. Sai na ji ta yi gyaran murya ta ce wa ɗiyata, “Ke, ba ki yi shi da kyau ba yau. Sake daga farko.”

Ɗiyata ta turo baki ta ce ai daidai ta yi, ba ta manta kowa ba. Amma ta gyara zama ta sake daga farko.